Wa Ke Auna Mudun? Ɗalibin Bincike da Makin Makaranta a Daura

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama, shagunan buga takardu na Daura sai su cika maƙil da ɗaliban ajin fita. Janareto na ruri a waje, firinta na aman takardu a ciki, wani yaro a gefe yana ɗaure kundi da bango kore ko shuɗi. Kowa da babin da ya sha masa kai: wannan an dawo masa da babi na biyu, waccan an ce ta sake jadawalin babi na huɗu. Garin da a da sai an tafi Katsina ko Zariya kafin a ga babbar makaranta, yau ga Kwalejin Yusufu Bala Usman, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 2019, ga jami'ar sufuri da ta biyo baya. Ban da su kuma akwai 'yan Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'adua masu karatun malanta a Dutsin-Ma ko Katsina, waɗanda in lokacin bincike ya yi gida suke dawowa, don a nan suke sa ran samun wanda zai buɗe musu ƙofa.

A cikin masu nazarin ilimi da wuya a rasa wanda ya zaɓi batun jarrabawa. Ana ganin kayan aikinsa a zube suke, tunda kowace makaranta tana da maki, kowane yaro yana da katin sakamako. A ɗauki misalin ɗalibar da ta ce za ta duba alaƙar makin gwajin cikin zango, wato CA, da sakamakon jarrabawar fita a wasu makarantun sakandare na ƙasar Daura. Malaminta ya sa hannu, sashe ya ba ta takardar gabatarwa mai hatimi. A lissafinta mako biyu ya ishe ta.

Da hantsi ta isa makaranta ta farko, ta gaishe da mai gadi, ta zauna a benci har aka kira ta. Firinsifal ɗin dattijo ne. Ya karanta takardar har ƙasa, ya cire tabarau.

"'Yata, 'yar gidan wa ce ke?"

Ta faɗa. Ashe abokin babanta ne.

"To madalla, Allah ya yi albarka. Amma wannan abin da kike nema sai da izinin ofishin shiyya."

"Ranka ya daɗe, ba zan ambaci sunan makaranta ba."

"Na sani, 'yata. Ki dawo jibi. Mai riƙe da makullin ya shiga Katsina."

Wanda duk ya taɓa irin wannan aiki ya san jibin nan ba ya cika zuwa. Abu mai sauƙi ne a ce dattijon yana ɓoye wani abu, amma a yi masa adalci. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Labarin ya ratsa ɗakunan malamai na Arewa kaf, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tun daga nan baƙo mai takarda da biro ya zama abin dubawa sau biyu. Bayan haka, makin da ke cikin kabad ɗin ba na firinsifal ba ne, na 'ya'yan mutane ne, amana aka ba shi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011, sai dai ita kanta ta keɓe bayanan da suka shafi ɗalibi a kan kansa. Ko da ma ba ta keɓe ba, ba a haifi yarinyar da za ta ɗaga wa abokin babanta doka a Daura ba tukuna.

A ce dai an dace. Wata makarantar ta yarda, jami'in jarrabawa ya buɗe kabad, ya kaɗe ƙura, ya shimfiɗa mata doguwar takardar nan mai gida-gida: suna, gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, aikin gida, jarrabawa, jimla, matsayi. A nan ne wahalar gaske take farawa. Mai ido zai iya lura cewa gidajen CA uku da aka ce an cike su a watanni uku duk biro ɗaya ne, hannu ɗaya, ba gyara ba kankarewa, kamar a zama ɗaya aka cike su. Ba wanda ya samu ƙasa da biyar cikin goma. Idan ta ɗauko rajistar kiran suna ta ajiye a gefe, tana iya tarar da yaron da ya yi makonni yana gona lokacin girbi, amma yana da takwas a gwajin da aka yi cikin waɗannan makonnin. Takardun wata shekarar kuma gara ta riga ta karantawa.

Niyyar da aka kawo CA da ita mai kyau ce. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ce ta zo da shi, ya kankama tare da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, don kada rana ɗaya ta yanke wa yaro hukuncin shekara shida. Zazzaɓin cizon sauro ba ya duba jadawalin jarrabawa. Aka ce malamin da ke tare da yaro kullum ya riƙa auna shi da kaɗan-kaɗan, a haɗa da jarrabawar ƙarshe. Har a WAEC kashi 30 cikin ɗari daga makaranta yake fitowa. Sai dai waɗanda suka tsara abin ba su zauna a ajin da yara suka cika har bakin taga ba, inda malami ɗaya ke da irin wannan aji huɗu ko biyar, kuma ranar Alhamis ake so ya miƙa sakamako.

Ɗalibar za ta iya cewa to, bari ta jingina da alƙaluman manyan hukumomi, su ai ba sa wasa. A watan Agusta na 2025 WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ƙasa ta ɗauka, aka yi ta sharhi a rediyo cewa ilimi ya mutu. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta fito ta ba da haƙuri, ta ce an yi kuskure wajen makin wata takardar Turanci, adadin gaskiya 62.96 ne. Yaran su ne, amsoshinsu su ne, amma cikin mako guda dubban ɗaruruwa sun tashi daga faɗuwa zuwa ci. Wanda ya rubuta babinsa a ranar farko da wanda ya rubuta a ranar biyar za su kai ga hukunci biyu masu karo da juna, kuma kowannensu daga bakin hukuma ya ɗauko.

Abin ba a Najeriya ya fara ba. A 1913 wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, sun kwafi takardar amsar Lissafi ta ɗalibi ɗaya suka aika wa malamai fiye da ɗari su ba ta maki. Wani ya ba ta 28, wani ya ba ta 92. A Lissafi fa, inda ake cewa amsa ɗaya ce. Ba wanda ya ci hanci a cikinsu. Wani yana duba amsar ƙarshe kawai, wani yana ba da maki a kan hanyar da aka bi, wani yana rage maki saboda ƙazantar rubutu.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ba a cika sa ta a babi na ɗaya ba, alhali ita ce gindin aikin: shi makin nan mene ne? Wanda ya saba da kasuwar Mai'adua ya san mudu suna ne kawai. Akwai mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, akwai mai auna maka da tozo, akwai mai shafe bakin da tafin hannu. Suratul Muɗaffifina da gargaɗi ga masu tauye awo ta buɗe, kuma malamai sun daɗe suna faɗaɗa ma'anarta zuwa duk wani haƙƙi da mutum ke karɓa cikakke ya bayar a tauye. Mai sayen gero yana da mafita: ya zo da mudunsa daga gida. Uban da aka miƙa wa katin sakamako ba shi da wannan. Abin da aka rubuta shi zai karɓa, ya sa albarka.

Amma a nan akwai wani abu da ke rikita lissafi. Malamin da ya cike gidajen CA da takwas-takwas ba tauyewa ya yi ba, ƙari ya yi. In an tambaye shi zai ce, "Ai taimako ne. 'Ya'yan talakawa ne, in na kayar da su wa na amfana?" Kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Mai tauye mudu yana kallon fuskar wanda ya cuta. Mai ƙara maki kuwa fuskar wanda ya yi wa alheri yake kallo, wanda aka cuta ba ya wurin. Yarinya ce da ta kwana tana karatu da fitilar waya, aka daidaita ta da wanda bai zo ba. Majinyaci ne da bayan shekara bakwai wani mai takardar da bai cancanta ba zai auna masa allura. Shi kansa yaron da aka taimaka yana cikinsu, don an ce masa ya iya, ya daina nema, sai ranar da ya zauna gaban kwamfutar JAMB ya gano ba haka ba ne. Shi ya sa ya fi dacewa a kalli maki a babin shaida. Malami yana cewa ne: na gani, na ji, wannan yaro ya san kaza. Shaidar da aka yi don tausayi a kan abin da ba a gani ba, tausayin bai canja mata suna a fiƙihu ba.

Ƙasar Daura ta san wata hanyar awo tun kafin zuwan boko, kuma har gobe tana nan a zaurukan unguwanni da tsangayun ƙauyuka. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, a gaban sauran yara, da bakinsa. In ya yi tuntuɓe kowa ya ji. Ba zango, ba na ɗaya ba na biyu, kowa da inda ya kai. Ranar sauka jama'a ake tarawa, ya ɗauki allon zayyana ya karanta a bainar mutane. Wanda ya kai ga hadda har ya rubuta Alƙur'ani da ka, alarammomi ne za su bi rubutun harafi-harafi, kuma ba hukumar da ke ba mutum sunan gwani, 'yan'uwansa mahaddata ne ke sallama masa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A karatun littattafai kuma akwai ijaza, inda malami ke cewa wane ya karanta littafi kaza a wurina, ni kuma na karɓa daga wane, har a kai ga mawallafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. A wannan tsari, mai ba da shaida yana sa sunansa da mutuncinsa a kan ɗalibin. In ɗalibin ya kwafsa, an san wanda za a tambaya.

Kada a ɗauka can komai lafiya lau ne. Akwai saukar da ake gaggauta wa yarinya don biki ya matso, akwai ɗan gidan mai hali da ake ɗaga wa ƙafa, kuma biya allo ba ya nuna an fahimci abin da aka biya. Ga mai bincike ma tsarin bai bar takardar da zai ɗauka ba. Abin lura dai shi ne a can akwai shaidu ba takarda, a boko kuwa akwai takarda amma shaidun sun ɓace a bayan hatimi. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ta haɗa biyun: alƙalai na zaune da takardar maki da ƙararrawa, amma a gaban jama'a ake karatun, in an danna ƙararrawa ba bisa ƙa'ida ba akwai mahaddata ɗari a wurin da za su yi gyaran murya.

Mutanen Daura sun ga iyakar ƙarfin takarda a kan ɗan garinsu. A watan Janairun 2015, ana dab da zaɓe, aka ta da maganar takardar sakandaren Janar Muhammadu Buhari. Tsohuwar makarantarsa da ke Katsina ta fito da sakamakonsa na 1961, a 2018 WAEC ta kai masa takardar tabbatarwa, a 2019 kotu ta ce ya cika sharaɗi. Duk da haka da wuya a sami mutum goma da takardun suka canja wa ra'ayi. Wanda ya yarda da shi tun farko bai jira su ba, wanda bai yarda ba ya ce ai an san yadda ake yi. Takarda ba ta fin amincin da ake da shi ga wanda ya ba da ita, kuma wannan amincin ne ɗalibarmu ta je aunawa ba tare da ta sani ba.

To yanzu ta ga abin da ta gani. Ta rubuta, ko ta rufe? Idan ta kai maganar gida, mai yiwuwa mahaifiyarta ta ce, "Ke dai ki rufa wa mutane asiri, Allah ya rufa miki naki." Ba maganar banza ba ce. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin aibin mutane, ta hana giba. Mutumin da ya buɗe mata kabad don ya ga mutuncin gidansu, saka masa da tonon silili ba halin kirki ba ne. Sai dai surar nan ita ce kuma, 'yan ayoyi kaɗan kafin nan, ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Kuma Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce mai sayar da abinci a kasuwa, ya tura hannunsa cikin tarin, ya ji jiƙa a ƙasa, ya tuhumi mai kayan a kan me ya sa bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Bai tsaya a kan abin da aka baje a sama ba. Rufin asiri na aibin da ya tsaya a kan mai shi ne. Aibin da ake sayar wa jama'a a ɓoye hukuncinsa daban.

Malaman Hadisi sun sha wannan gwagwarmaya tun ƙarni na biyu da na uku bayan Hijira, har ta haifar da fanni mai zaman kansa, Jarhu wat Ta'adil, wato tantance maruwaita. Irin su Shu'uba da Yahaya ɗan Ma'in sun sha zargin cewa gibar bayin Allah suke yi. Suka ce nasiha ce, don in ba a faɗi raunin mai ruwaya ba za a gina addini a kan maganarsa. An ruwaito cewa Aliyu ɗan Madini da aka matsa masa a kan mahaifinsa, ya sunkuyar da kai ya ce mai rauni ne. Daga baya Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, ciki har da gargaɗin jama'a. Amma ba su bar ƙofar a wangale ba, kuma ƙa'idojin da suka gindaya sun fi amfani ga ɗalibin bincike fiye da yawancin abin da ake kwafowa a babi na uku.

Babbar cikinsu ita ce sun raba adalcin mutum da kiyayewarsa. Mutum yana iya zama mai tsoron Allah, mai tsayuwar dare, amma a ajiye ruwayarsa saboda yana mantuwa ko littattafansa sun ƙone. Ba su kira shi maƙaryaci ba. Da wannan ma'auni kaɗai ɗalibar za ta tsira daga zaluntar malamai. Malamin da ke da takardu ɗari huɗu a gabansa da dare biyu, makinsa ba abin dogaro ba ne, amma shi ba ɓarawo ba ne. Wanda ya karɓi kuɗi ya rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, wannan wani babi ne. Kundin da ya zuba su a kwando ɗaya ya yi ƙarya ko da alƙalumansa daidai ne. Sun kuma ce suka ba ta karɓuwa a kan wanda aka san shi da kirki sai an bayyana dalilinta. "An ce makarantar can suna yi" ba hujja ba ce. Abin da za a rubuta shi ne abin da aka gani: gida uku, biro ɗaya, yaron da ba ya nan. Sannan sun yi taka-tsantsan da sukar tsara a kan tsara, don sun san hassada ba ta barin malamai. Wanda ya taɓa zama a ɗakin malamai, ko ya ji mai makarantar kuɗi yana bayanin makarantar da ke kallon tasa, ya san dalili.

Inda ɗalibar ta rabu da malaman Hadisin shi ne maganar suna. Su dole ne su ambaci mutum, don a kan mutumin ruwayar ta rataya. Ita kuwa abin da take bi ɗabi'a ce da ta game wuri, ba ta buƙatar sunan kowa. Sai dai ɓoye suna a Daura ba ƙaramin aiki ba ne. In ta rubuta "Makaranta A, ta 'yan mata, a kan hanyar kaza, mai malamin Lissafi ɗaya", ta gama faɗar sunan mutumin har da na unguwarsu. Dole ta rage bayanin da zai nuna wuri, ko da hakan ya rage wa kundin armashi, kuma sunan yaro ko ɗaya kada ya fita daga ɗakin da ta gan shi. A garin da ake bincike kafin a ba da aure, labarin faɗuwar wata a jarrabawa na iya yin tafiyar da ba a aike ta ba.

Saura jarrabawar da ta fi kowacce, wadda ba mai sa ido a cikinta. Lokaci ya ƙure, makarantu biyu kawai suka ba ta haɗin kai cikin shida, takardun tambayoyi ɗari da ta raba talatin suka dawo, rabinsu an bi layi ɗaya an yi ta ƙyasta "na yarda" har ƙasa. Wata ƙawarta za ta ba ta shawarar da kowa ya sani: a zauna a gindin darbejiya da biro kala uku a cike sauran. Wani zai nuna mata shagon da ake sayar da kundi gamamme, a canja sunan gari kawai. Yanzu ma ga manhajojin waya da za su zubo mata babi biyar da jadawalinsu kafin shayi ya huce. Ita ma maki take nema, ita ma ranar Alhamis aka ba ta, kuma ta san mai dubawa ya fi son jadawali cikakke. A wannan daren ta zama malamin nan mai gidajen CA, da uzurinsa da komai. Kundi a kan maguɗin maki wanda aka cike shi da amsoshin ƙirƙira ba abin dariya ba ne kawai. Na bayanta za su ɗauke shi a laburare su kafa hujja da shi, ƙaryar ta samu isnadi.

Tsoratarwa kaɗai ba ta taɓa magance wannan ba. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. A 1999 aka sake wata dokar mai sassauci. Satar amsa ba ta fasa ba. Wani masani Ba'amurke, Donald Campbell, ya yi bayanin dalili tun shekarun 1970: duk alƙalamin da aka rataya wa ci gaban mutane ko faɗuwarsu, matsin da ke kansa zai lalata shi, har ya lalata abin da aka ce ya auna. A birnin Atlanta an ɗaura ladan malamai da kujerun shugabanni a kan makin yara. Binciken da aka fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44, kuma abin da ya tona su shi ne yawan gogewa a takardun amsa, daga kuskure zuwa daidai. A 2015 kotu ta kama 11 da laifi. Muddin kiredit biyar ne ƙofar komai, kuma kundi mai kauri ne ƙofar digiri, matsin yana nan.

Abin da ya rage wa ɗalibin da ke son ya kwana da zuciya ɗaya shi ne ya rage buri. Makaranta biyu da aka duba da kyau sun fi shida da aka ƙirƙiro. Ƙin da aka yi mata shi ma sakamako ne: ta rubuta cewa ta nemi shida, huɗu sun ƙi, ga dalilan da suka bayar. An ruwaito cewa Imam Malik, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar nan, an sha yi masa tambayoyi masu yawa a zama ɗaya ya amsa kaɗan, sauran ya ce bai sani ba, kuma almajiransa sun rubuta wannan a matsayin ilimi. Sashen nan na ƙarshen kundi da ake bayyana gazawar bincike, wanda aka saba cikewa da kukan rashin kuɗi da ƙarancin lokaci, nan ne wurin irin wannan magana. Tana kuma iya zuwa da nata awon. A Indiya ƙungiyar Pratham tun 2005 take bin gida-gida da 'yar takarda ɗaya, haruffa da kalmomi da ɗan gajeren labari, a ce yaro ya karanta. Da izinin iyaye da na makaranta, ɗaliba ɗaya za ta iya zama da yara ashirin ɗaya bayan ɗaya, ta ba su sakin layi na Hausa da lissafin rabawa biyu, sannan ta kwatanta abin da kunnenta ya ji da abin da katinsu ya ce. Wannan ƙaramin aiki ne, kuma yana buƙatar malami mai dubawa da zai yarda ya ba shi maki fiye da kundi mai shafi ɗari da ba a san asalin alƙalumansa ba. Irin waɗannan malamai akwai su, amma ba su ne suka fi yawa a zauren kare kundi ba.

Masu zuwa nan gaba wata ƙofar za su tarar. A 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar cewa WAEC da NECO za su koma yin jarrabawa ta kwamfuta, kamar yadda JAMB ta koma gaba ɗaya tun 2015. Zai rage satar amsa a zaure, amma a shekarar ta 2025 ne shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Koken iyaye da matsin masu bin diddigi daga waje ne ya sa aka duba. Takardar biro ko ba komai ana iya shimfiɗa ta a tebur a ga hannun da ya cike ta. Na'urar da ke ofisoshin waɗannan hukumomi a Yaba ko Minna ko Bwari ba ta da firinsifal ɗin da ɗalibar Daura za ta je ta gaishe shi, kuma kashi 30 ɗin nan na CA har yanzu a ɗakin malamai za a ci gaba da rubuta shi kafin a tura.